Iri, Jinsi da Ƙwaya: Sharhi kan Kalmomin Ilimin Tsirrai da ke Rikita Jama'a

Tun watan Janairun 2024, da aka amince a fara sayar wa manoman Najeriya masarar da ake kira TELA, maganar iri ta fita daga ofisoshin malaman gona ta shiga gidajen rediyo, da majalisun hira, da saƙonnin murya na WhatsApp. A yankin noma kamar Unguwar Hajji da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo, inda ake noma masara da dawa da wake da rake, a kuma yi noman rani a bakin dam ɗin Challawa, maganar ta shafi abin da mutum zai zuba a rami da zarar ruwa ya sauka.

Wanda ya saurari muhawarar da kyau zai lura cewa kusan rabinta rikicin kalmomi ne. Wani ya ce ingantaccen iri, abokin maganarsa ya ji GMO. Wani ya ce an taɓa ƙwayar halittar masara, mai sauraro ya ɗauka an zuba mata ƙwayar cuta. Hausa tana da tarin sunayen tsirrai da ba kowane harshe ke da irinsu ba, amma akwai kalmomi biyu, wato iri da ƙwaya, da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsu.

Sunan gida da sunan littafi

Bahaushe yakan raɗa wa tsiro suna bisa amfaninsa, ko kamanninsa, ko inda ya fito. Maɗaci don ɗacinsa, wuta-wuta don yadda take ƙone amfanin gona, dankalin Turawa don waɗanda suka kawo shi. Masana ilimin tsirrai kuwa asali suke bi, wato wa ya haɗa kaka da wa. Tsarin da suke amfani da shi ya kafu ne a 1753, lokacin da Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da littafinsa Species Plantarum, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da harshen Latin. Kalmar farko ta gidan da tsiron ya fito ce, ta biyu kuma tasa ce shi kaɗai. Kuka ita ce Adansonia digitata, ɗorawa Parkia biglobosa, kaɗanya Vitellaria paradoxa, zogale Moringa oleifera.

Waɗannan sunaye ba su rasa tarihin mulkin mallaka a jikinsu ba. An sa wa kuka sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya je Senegal a 1749, ɗorawa kuma ta ɗauki sunan Mungo Park, matafiyin da ya mutu a Bussa a 1806. Dukansu sun tarar da mutane suna miyar kuka da daddawa tun kaka da kakanni. Duk da haka tsarin yana da amfanin da ba a musunsa. Bishiya ɗaya ce ake kira darbejiya, da maina, da dogon yaro, gwargwadon garin da mutum ya tashi, amma idan aka rubuta Azadirachta indica, mai bincike a Zariya da na Maraɗi da na Indiya sun san abu ɗaya ake nufi. Shi ya sa ɗalibin da zai yi nazarin wani ganyen magani a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero yakan fara kai samfurinsa ɗakin adana busassun tsirrai, a tantance shi, a ba shi lamba.

Aikin haɗa sunayen Hausa da na Latin ya haura shekara ɗari. J. M. Dalziel, likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ƙamusun Bargery na 1934 shi ma cike yake da sunayen itatuwa da ciyayi. Sai dai sunan littafi ma yana canzawa. Tsofaffin littattafan makaranta suna kiran gawo Acacia albida, yanzu kuwa Faidherbia albida ne. Bayan tarukan masana na duniya a Biyana a 2005 da Melbon a 2011, aka bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia, bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara ta koma Senegalia senegal. Majemi bai san an yi ba, bagaruwarsa tana nan yadda ya san ta.

Dangi, gida, jinsi da iri

Matakan rarraba halittu suna da yawa, amma huɗu ne suka shafi mai karatu. Har yau marubutan Hausa ba su tsaya a kan kalma ɗaya ga kowane mataki ba. Akwai ma wani ƙarin ruɗani: a littattafan kimiyya na Larabci, jins shi ne mataki na sama, nau' kuma na ƙasa da shi, alhali a rediyon Hausa jinsi da nau'i da iri duk musanya su ake yi. A wannan sharhi, jinsi na nufin rukunin halittun da ke iya barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Gida shi ne tarin jinsuna makusanta, dangi kuma tarin gidaje. Iri ko nau'i shi ne bambancin da ake samu a cikin jinsi ɗaya.

Gero da maiwa da dauro suna da suna uku, da lokacin girbi daban-daban, amma jinsi ɗaya ne. Haka kaura da farafara, da takanɗar da yara ke sha, da karan dafin da ake rini da shi: dukansu dawa ce, Sorghum bicolor. Takanɗa ta yi kama da rake a baki, amma rake gidansa daban, sun dai haɗu a dangin ciyawa tare da masara da shinkafa da alkama.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai sunayen da ke nuna zumuntar da babu ita. Dankalin Hausa da dankalin Turawa ba dangi ɗaya ba ne. Na Turawa ɗan'uwan tumatir ne da gauta, har ma da barkono da zaƙami, na Hausa kuwa gida ɗaya yake da duman kada da ke yaɗo a bakin fadama. Abin da ake ci a dankalin Hausa saiwa ce, na Turawa kuma kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake da idanu masu tsiro. Gurjiya tana 'ya'ya a cikin ƙasa kamar gyaɗa, amma gida ɗaya take da wake. Namijin goro ba mijin goro ba ne, dangoginsu ma ba ɗaya ba. Gwandar daji ba ta haɗa komai da gwandar gida ba sai suna.

Wannan ilimi yana da amfani a gona. 'Yan dangi ɗaya sukan yi tarayya a cuta da ƙwari, saboda haka mai lambun da ya cire tumatir ya dasa gauta ko barkono a wuri ɗaya bai canza wa ƙasa komai ba. Wanda ya bi masara da wake ko gyaɗa ko waken suya kuwa ya canza dangi, ya kuma samu ƙarin taki, domin 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar waɗannan tsirrai gidajen wasu ƙananan halittu ne da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato sinadarin da ake saye a buhun yuriya.

Kalmar ƙwaya da nauyin da aka ɗora mata

A nan ne ruɗanin ya fi tsanani. Ƙwayar hatsi sananniya ce, haka ƙwayar magani. Da kimiyyar zamani ta zo, sai aka ƙirƙiri ƙwayar cuta da ƙwayar halitta, kowace kuma tana ɗauke da abubuwa da dama da ba su da alaƙa da juna.

Ƙwayar cuta takan nufi bakteriya, wato halitta mai ɗaki ɗaya da ke rayuwa da kanta, kamar mai kawo taifot da kwalara da tarin fuka. Takan nufi bairos, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya hayayyafa sai a cikin jikin wata halitta, kamar na ƙyanda da shan inna. Takan nufi dangin funfuna, kamar mai kawo makero a kan yara da burtuntuna a zangarniyar dawa. Takan kuma nufi halittar da sauro ke ɗaukowa ya kawo zazzaɓin cizon sauro, wadda ba ta cikin ukun nan. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya aiki. Kafso ɗin da ke kashe bakteriya ba ya taɓa bairos ɗin mura, kuma maganin feshin ƙwari ba ya hana burtuntuna, wadda akan yi rigakafinta ta hanyar wanke iri da maganin funfuna kafin shuka.

Tarihin noma a Arewa yana da misalai biyu. A 1975 annoba ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe, shuka ta tsugune ba 'ya'ya, kuma wannan na cikin abin da ya kawo ƙarshen zamanin dalar gyaɗa a Kano. Bairos ne ya yi ɓarnar, darɓa ce ke ɗaukarsa daga shuka zuwa shuka. A 2016 kuma aka yi abin da jaridu suka kira Ebolar tumatir, wanda ya cinye gonakin Kadawa da na jihar Kaduna. Sunan ya sa mutane da yawa sun ɗauka cuta ce mai kama mutum, alhali tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai suna Tuta absoluta, ɗan asalin Kudancin Amurka, wadda ke shiga tsakanin fatar ganye ta ci daga ciki.

Ƙwayar halitta ita ma abu uku ake nufi da ita. Akwai ɗan ƙaramin ɗakin da jikin kowane mai rai ya ginu da shi, wanda ba a gani sai da madubin likita. A cikin ɗakin akwai dogon zaren da ake kira DNA, inda aka rubuta siffofin halittar. A jikin zaren kuma akwai gaɓoɓi, kowace tana kula da wata siffa da ake gado, kamar launin ƙwaya ko saurin nuna. Wannan gaɓa ita ce ta cancanci a kira ta ƙwayar gado. Duk abincin da ɗan Adam ya taɓa ci, daga tuwon dawa zuwa naman rago, yana ɗauke da DNA da ƙwayoyin gado. Don haka cewa wani abinci yana da ƙwayoyin halitta a ciki ba zargi ba ne ko kaɗan. Tambayar da ta dace ita ce wace ƙwayar gado aka ƙara, daga ina, kuma me take yi.

Wuta-wuta

Akwai tsiron da ya cancanci a tsaya a kansa, domin kiransa ciyawa kawai yana ɓoye halinsa. Wuta-wuta, ko ƙuduji, wato Striga hermonthica, ba gasar ruwa da taki take yi da dawa kamar sauran ciyayi ba, a jikinta take rayuwa. Irinta kamar ƙura yake, tsiro ɗaya yana zubar da gomman dubbai ko ma ɗaruruwan dubbai, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Daga nan sai ya liƙe wa saiwar ya yi makonni yana tsotsa a ɓoye. Lokacin da manomi ya hango jan furen nan mai ruwan hoda a tsakanin kunya, dawar ta riga ta yi rawaya ta tsumbure.

Manoma sukan ce gajiyar ƙasa ce ke haifar da ita. Akwai gaskiya a ciki, domin ta fi ƙarfi a gonar da ba ta da taki, amma ƙasa ba ta ƙirƙirarta, iri ne ke zuwa ta iska, da ƙafar dabba, da gurɓataccen irin shuka. Wanda ya fahimci haka zai cire ta kafin ta zubar da iri, ya ƙone, ya kuma sa waken suya ko auduga a gonar, domin suna sa irin ya tsiro amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Wadda ke kama wake jinsi ce daban.

Iri huɗu da ke kasuwa

Na farko shi ne irin gado, kamar kaura da farafara a dawa, ko kanannado da ɗan ila a wake. Manoma ne suka zaɓo shi a tsawon zamani, suna ware zangarniya mafi kyau kowace kaka. Ya san ƙasarsa, yana ba da kara da harawa, amma sau da yawa yana daɗewa bai nuna ba.

Na biyu shi ne ingantaccen iri da cibiyoyin bincike ke fitarwa ta hanyar barbara da zaɓe, aikin da manomi ke yi amma cikin tsari da sauri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ke sa wa nata suna da SAM: SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa. Geron sosat da shinkafar FARO 44 na wannan rukuni ne. Yawancinsu ana iya ajiye irinsu a sake shukawa na wasu shekaru, sai dai masara tana saurin gauraya, domin iska ce ke ɗauko garin fure daga ƙololuwar karan maƙwabci ta zuba a gemun goyon taka.

Na uku shi ne haibirid, wanda ake kira iri mai aure. Ana ware uwa da uba tsarkaka guda biyu, a haɗa su, 'ya'yan farko su fito da ƙarfi da yawan amfani, kansu ɗaya. Masarar Oba Super da aka daɗe ana sayarwa a Arewa misali ce. Idan aka ɗebi iri daga girbinta aka sake shukawa, zai tsiro sarai, amma jikokin sai su rarrabu, wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Wannan dokar gado ce da Gregor Mendel ya bayyana tun 1866, ba wani sihiri kamfani ya yi ba, ko da yake gaskiya ne cewa kamfanonin iri suna cin ribar hakan. Kalmar aure a nan tana da tarko. Mangwaro ɗan aure ba haibirid ba ne: reshen bishiya mai kyau aka yanko aka ɗaura a kan wani dashe, kowane ɓangare yana riƙe da gadonsa.

Na huɗu shi ne GMO, taƙaitaccen suna na halittar da aka sa wa ƙwayar gado a ɗakin gwaje-gwaje, sau da yawa daga wani jinsi daban. A Najeriya an fitar da auduga irin wannan a 2018, sai wake SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, sai masarar TELA a 2024, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T. Wake da masarar duk daga Samaru suka fito, da haɗin gwiwar gidauniyar AATF. An ɗauko ƙwayar gadon ne daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ke sa shuka ta samar da sinadarin da ke kashe wasu tsutsotsi: tsutsar maruka mai huda furen wake da kwansonsa, da tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo ƙasar a 2016. Masarar TELA haibirid ce kuma GMO ce a lokaci ɗaya, waken kuwa GMO ne amma ba haibirid ba ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kalmomin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu goyon baya, ciki har da masanan Samaru irin su Farfesa Mohammad Ishiyaku da ya jagoranci aikin waken, suna cewa sabon irin yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu a damina, wanda ke nufin ragin kuɗi da ragin gubar da mai feshi ke shaƙa. Suna kuma kafa hujja da matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa abincin GMO da ke kasuwannin duniya ya wuce gwajin lafiya, tare da sharaɗin a riƙa duba kowane iri shi kaɗai.

Masu adawa, kamar ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, suna tambayar wa ya mallaki ƙwayar gadon, ganin cewa daga manyan kamfanonin ƙetare take fitowa. Suna shakkar ƙarfin hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan wannan fanni, suna kuma tsoron ɓacewar irin gado. A watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da shigo da sababbin irin GMO har a kammala bincike.

Wasu daga cikin tambayoyin nan masu nauyi ne, kuma kimiyya kaɗai ba za ta amsa su ba, domin maganar mallaka da amana ce. Akwai ma damuwar da masanan kansu suka yarda da ita, cewa tsutsa takan saba da sinadarin idan aka yi ta shuka iri ɗaya ba kiyayewa, kamar yadda ya faru da wata tsutsar masara a Afirka ta Kudu. Amma jita-jitar cewa irin yana hana mutum haihuwa, ko yana kashe gona har abada, ko yana ɗauke da ƙwayar cuta, ba ta da hujjar bincike, kuma yawancinta daga rikicin kalmar ƙwaya ta samo ƙafa.

Su ma masana harshe sun rabu. Wasu na ganin a ari kalmar waje a gyara mata lafazi, kamar bakteriya da bairos, tunda haka Hausa ta yi da asibiti. Wasu na ganin a ƙirƙiro daga cikin gida don mai sauraro ya gane nan take. Kowace hanya aka bi, sharaɗin shi ne kalma ɗaya ta tsaya ga ma'ana ɗaya, kuma mai fassara labarai a rediyo, da malamin gona, da malamin firamare su yi amfani da ita tare.

Abin da ka iya biyo baya

Illar ruɗanin tana zuwa ta fuska biyu. Manomin da ya ɗauka duk irin da ke cikin leda GMO ne zai guje wa ingantacciyar masara mai jure wuta-wuta ko mai saurin nuna, a daidai lokacin da damina ke yawan yankewa da wuri. Wanda kuma bai san bambancin haibirid da sauran iri ba zai sayi hatsin da aka rina da jan launi a kasuwar ƙauye da sunan iri, ko ya ajiye jikokin haibirid ya zuba musu taki mai tsada, kaka ta zo ya ga ba haka ba. Hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC, tana sa tambari a jikin ledar irin da ta tantance, kuma mai saye yana da haƙƙin ya tambayi sunan irin da lambarsa, da ko ana iya ajiye shi, da ko harafin T da ke ƙarshen sunayen irin GMO yana nan.

Matsalar da ta fi wuyar warwarewa tana wajen mai cin abinci. Ƙa'idojin Najeriya sun tanadi a yi wa kayan GMO alama, amma alama a jikin leda ko buhu take zama. Masarar da ta bar gonar Rogo takan bi ta kasuwar ƙauye, dillali ya haɗa ta da ta wasu gonaki goma, a ɗinke buhu a kai Dawanau, daga can a auna wa mai tuwo da kwano. Har yanzu ba a fito da tsarin da zai bi ƙwayar masara a wannan tafiya ba.